Masu Katun a Karkara: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Manhajar Tace Bidiyo

Daga Bichi zuwa Ringim, daga Rano zuwa Gumel, yanzu da wuya ka shiga gari ka rasa matashin da ke gwada yin katun a waya ko a tsohuwar kwamfuta. Wani tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yake son ya ga tana motsi, wani barkwancin 'yan majalisarsu, wata kuma so take ta koya wa ƙannenta baƙaƙe da ƙirga. Basira akwai ta. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda da yawansu ke ajiye aikin tun bai yi nisa ba, saboda sun ɗauki manhajar da ba ta dace da na'urarsu ko aljihunsu ba.

Tushen ruɗanin shi ne haɗa aiki biyu a ɗauke su ɗaya. Manhajar da ake motsa zane da ita daban, wadda ake tace bidiyo da ita daban. FlipaClip a waya, da Krita, Pencil2D, OpenToonz da Blender a kwamfuta, su ne wuraren zane. CapCut, KineMaster, Shotcut, Kdenlive, DaVinci Resolve da Premiere Pro kuwa aikinsu jera abin da ka riga ka zana, da yanke shi, da ɗora murya da rubutu. Yi lissafi da kanka. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa guda, masu katun kuma sukan zana 12 kowanne ya tsaya sau biyu. Katun na minti ɗaya ke nan zane 720 ne. Wannan aikin makonni ne, ga wanda ke zuwa gona ko shago ma watanni ne, alhali tacewar ba za ta wuce yini ɗaya ko biyu ba. To wanda ya fara da biyan kuɗin wata-wata na manhajar tacewa, me yake biya wa? Kuɗinsa na tafiya, manhajar tana zaune, shi yana can yana fama da zane. Idan damina ta kankama aka shiga noman farko da maimai, sai a yi wata biyu ba a buɗe kwamfutar ba, ana kuma ci gaba da cirar kuɗi. Gyaran mai sauƙi ne: ka fara zaɓen wurin zane, ka gama zanen, sannan ka waiwayi maganar tacewa.

Sai masu cewa araha ba ta ado, wai duk abin da aka bayar kyauta ba zai yi aikin kirki ba. A wannan fage maganar ba ta tsaya ba. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama ta kowa a 2002 bayan masu amfani da ita sun yi karo-karon Yuro 100,000 sun fanshe ta. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025. A cikinta akwai Grease Pencil na zanen hannu, akwai kuma sashen tace bidiyo, wato mutum na iya gama komai a wuri guda. OpenToonz, wadda aka saki kyauta a 2016, ta samo asali ne daga manhajar da kamfanin Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da ita. Shotcut da Kdenlive ba sa manna maka tambari, ba sa neman katin banki, ba sa neman intanet kafin su buɗe.

Amma a nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin kyauta iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya fi komai jawo baƙin ciki. Akwai wadda aka ba ka ita gaba ɗaya, irin waɗanda na lissafa. Akwai kuma wadda za a bar ka ka shiga kyauta, sai wajen fita a tare ka. Ka ɗauki yaron da ya kwana uku yana jera aikinsa a CapCut. Ya zaɓi wani salon sauya hoto da ya burge shi, bai lura da 'yar alamar Pro da ke kusurwarsa ba, ya yi amfani da shi a wuri goma. Ya danna fitarwa, sai allo ya nuna masa ko dai ya biya, ko ya koma ya cire su ɗaya bayan ɗaya. KineMaster ta kyauta kuma za ta fitar maka, amma da sunanta manne a saman bidiyon. Ba laifi ba ne kamfani ya nemi kuɗi, sana'arsu ce. Kuskuren shi ne ka gano haka a ranar ƙarshe. Kafin ka zuba wa kowace manhaja wahalarka, yi gwajin daƙiƙa goma: jera hotuna kaɗan, sa murya, sa rubutun Hausa mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ (salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a madadin harafi), kashe data, sannan ka fitar. Abin da ya fito shi ne gaskiyar manhajar.

Wani kuskuren shi ne kwaikwayon abin da aka gani a YouTube ba tare da duba na'urar da ke hannu ba. Mai koyarwar yana Amurka ko Indiya da kwamfuta mai tsadar mota, ya ce DaVinci Resolve ta fi kowace. Ba ƙarya ya yi ba, manhajar kamfanin Blackmagic Design ce ta Ostareliya, kuma ta kyautar ma tana da ƙarfi sosai. Sai dai tana son ram (ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura) na 16GB da katin hoto mai kyau. Laftof 'yar gwanjo mai ram 4GB, irin wadda yawancinmu ke iya saya, ko dai ta ƙi buɗe ta, ko ta yi ta sandarewa, fanka na kuka, ƙasanta ya yi zafin da ba za ka iya ɗora ta a cinya ba, balle a bazara. Ga kuma nauyin saukewa, wanda ya kai gigabait da dama, a lokacin da kuɗin data ya tashi tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mai ƙaramar kwamfuta ya riƙe Pencil2D ko Krita don zane, Shotcut don tacewa, ya yi aikinsa a 720p, wato matsakaicin ingancin hoto. Idan sabuwar Blender ta fi ƙarfin na'urarka, tsofaffin suna nan ajiye a shafinsu. Kuma tunda lasisinsu ya halatta rabawa, mutum ɗaya zai iya saukewa ranar da ya shiga Kano ko Dutse, ya zuba a filash, duk abokai su kwafa.

Wanda waya kaɗai gare shi, mai ram 2GB ko 3GB, kada ya ce an bar shi a baya. Yaranmu tun fil azal suna gina shanu da raƙuma da laka, suna ƙera mota da kara. Dasa wayar a kan turmi, ka tokare ta da dutse yadda ba za ta motsa ba. Ɗauki hoton saniyar lakar, matsar da ƙafarta kaɗan, sake ɗauka, haka har ta ƙetare tabarma. Manhajar Stop Motion Studio za ta jera maka su. Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka yi a tsakar gida, domin rana na tafiya, inuwa za ta riƙa tsalle a bidiyon. Shiga zaure ka kunna fitilar sola, haske ya tsaya wuri ɗaya.

Yanzu ga wanda ya yanke shawarar biya. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin manhajojinta irin su Premiere Pro da After Effects a saya sau ɗaya, ta koma haya. Farashin irin waɗannan manhajoji yana bin dala, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne tsarin Adobe da ake nuna maka farashin wata alhali yarjejeniyar ta shekara ce. Idan ka fasa bayan kwana 14, za a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. A kan wannan batu ne gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara a Yunin 2024. Haka gwajin kyauta na kwana bakwai a waya: da ya cika, sai cirar kuɗi ta fara da kanta. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da ita, sai ka shiga Play Store ka soke da hannunka. Sannan ranar da ka daina biya, fayil ɗin aikinka na nan amma ba ka da abin buɗe shi yadda kake so.

Ban ce kada a taɓa biya ba. Idan mai shago ya ba ka aikin talla, ko wata makaranta ta nemi katun na darasi, kuma akwai wani abu takamaimai da ta kyauta ta kasa yi, to ka sa kuɗin manhajar cikin kuɗin aikin, ka biya na wata ɗaya tak, ka gama, ka soke. Mai hali kuma da ya tabbatar zai daɗe a harkar, akwai na saye sau ɗaya: DaVinci Resolve Studio kusan dala 300 ne, Moho ma sayenta ake yi.

Batun manhajar sata, wadda ake kira kirak ko mod, ba zan ja shi ba. A wayar da kake sa ta akwai manhajar bankinka da hotunan iyalinka, kuma ba ka san abin da wanda ya fasa ta ya cusa a ciki ba. Ga haƙƙin mutane a wuyanka, a kan abin da kana da madadinsa na halak.

Kurakuran da suka rage na ranar fitarwa ne, kuma wuta ce ke tona su. A garin da ake kai waya wurin mai caji, ko ake jiran a tada janareta bayan magariba, fitar da dogon bidiyo kai tsaye ganganci ne: idan batir ya mutu a kashi 90, an koma farko. A Blender, Krita da OpenToonz ka fitar da aikin a matsayin jerin hotunan PNG. Wuta ta ɗauke a hoto na 400, gobe ka ci gaba daga 401, daga baya Shotcut ta haɗe su su zama MP4. Waɗannan hotuna kuma kowace manhaja na karanta su, don haka ko ka sauya manhaja aikinka bai maƙale ba. Ka tabbatar adadin hoto a kowace daƙiƙa iri ɗaya ne a wurin zane da wurin tacewa, in ba haka ba baki zai riƙa motsi murya na biyo baya. Ka yanke tun farko ko a kwance za ka yi shi don YouTube, 16:9, ko a tsaye don TikTok, 9:16, domin juya shi daga baya yana sare kawunan mutanen da ka sha wahalar zanawa.

Murya kuwa a fara ɗaukar ta kafin a zana baki. Ka bari sai bayan isha'i, injin niƙa ya yi shiru, awaki sun kwanta, ka shiga ɗakin ƙasa mai katifa da labule, ka ɗauka, ka goge ƙarar da Audacity, ita ma kyauta ce. Idan za ka tura wa wani a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar bidiyo tana matse shi har layukan zanen su dushe. Ainihin fayilolin kuma ka ajiye su wuri biyu, ɗaya a na'ura, ɗaya a filash ko memori da ke cikin akwati.