Darasi na 7: Daga askar reza zuwa askar wasawa

Aska iri biyu ce a hannun masu aski a yau. Akwai wadda ake ɓalla reza gida biyu a zura mata rabi, in an gama a zare a yar. Akwai kuma ta asali, wadda bakinta da jikinta ƙarfe ɗaya ne, ana wasa ta a dutse, ana goga ta a fata. Irin ta biyun ce wanzami ke ɗauka a zabira, ko maƙeri ne ya ƙera ta, ko kuwa mai naɗewa ce da ake kawowa daga Jamus da Faransa. Wannan darasi na mutumin da ya saba da ta farko ne, yana son komawa ta biyu don gyaran gemunsa da sajensa.

Sassan aska

Baki shi ne kaifin. Gadon baya shi ne gefe mai kauri. Sai kai, da wutsiya inda ƙaramin yatsa ke zama, da mariƙi. Sabon shiga ya nemi mai zagayayyen kai, faɗinta wajen milimita 16. Mai tsinin kai tana yawan tsaga mutum a gindin kunne da gefen hanci.

Abin da hannu zai sake koya

Reza siririya ce, da an ɗan karkace sai ta kama fata. Askar wasawa ta fi ta nauyi, ta fi ta tsawon baki, kuma ta fi son a kwantar da ita. Ka ɗora ta shimfiɗe a kumatu, sa'an nan ka ɗaga gadon bayan kaɗan, kamar kaurinsa sau ɗaya ko biyu. In ka miƙar da ita sosai kankara za ta yi, fuska ta yi raɗaɗi, bakin ya dakushe da wuri.

Kada ka danna. Nauyinta ya isa. Ka jiƙa gashi da ruwan ɗumi minti 3, ka sa kumfar sabulu mai laushi, kada ka bari ta bushe. Yatsun hannun hagu su ja fata ta miƙe, domin a tattararriyar fata aska ke shiga. Ka bi kwanciyar gashi da gajeren ja, santimita 2 ko 3. Ja a kaikaice, irin na yankan nama, shi ke kawo jini.

Makon farko ka tsaya a kumatu, ka ƙarasa haɓa da ƙasan hanci da askar da ka saba. Mai murɗaɗɗen gashi kuma ya guji aski mai saɓa wa kwanciyar gashi: gashin yakan koma ya tsiro cikin fata, ƙuraje su feso a wuya.

Fata da dutse

Nan ne aikin yake, nan ne kuma yawanci ake ɓata aska mai kyau. Duk askin da aka yi, siririn bakin yana ɗan lanƙwashewa, ido ba ya gani. Fata ce ke miƙar da shi. Ka sami jemammiyar fata mai santsi, faɗin yatsa uku, marar ɗinki. Ɗaura gefe ɗaya a ƙusa, ja ɗayan ya yi tsam. Kwantar da aska, baki da gadon baya duka su taɓa fata, ka ja ta gadon baya na gaba, baki na biye. In ka kai ƙarshen fatar, ka mirgina askar a kan gadon bayan ka dawo. Sau 40 zuwa 50 kafin kowane aski. In ka juya ta a kan baki, ka yanke fatar, ka kashe kaifin. In fatar ta saki, bakin ya dakushe. Gaggawa ba ta ƙara kaifi ko kaɗan.

Idan an goga a fata amma tana fizgar gashi, lokacin dutse ya yi, galibi bayan wata biyu ko uku. Dutsen wuƙar mahauta ya yi mata kaushi. Duwatsun kanti suna da lamba mai nuna kaushinsu ko laushinsu: 1000 na gyara baki mai gibi, 4000 da 8000 na fito da kaifi. Jiƙa dutse, kwantar da aska shimfiɗe, wannan karon baki ne a gaba, adadi daidai wa daida a kowane gefe. Gwada ta a gashin hannu. In ta ɗauke shi ba ja, ta yi.

Tsatsa da tsabta

Baƙin ƙarfe ba ya shiri da ruwa, kwana ɗaya a jiƙe ya isa tsatsa ta ci baki, musamman da damina. Ka wanke, ka tsane da ƙyalle daga gadon baya, ka shafa ɗigon man keke in za ta daɗe a ajiye. A ɗora ta inda hannun yara ba ya kai.

Askar nan ta mutum ɗaya ce. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, kuma fatar guga ba ta dafuwa balle a kashe abin da ya maƙale mata. Mai yi wa jama'a aski ya riƙe sabuwar reza ga kowane kai, ko kowa ya zo da askarsa. Ko wa da ƙane, kowa da tasa.

Aikin gida

Ɗauki wuƙar cin abinci marar kaifi, ka gwada gogawa da mirginawa a fata sau 50. Rubuta sunayen sassan aska biyar a littafinka, ka zo da shi aji.