Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Ƙaramin Garin Kasuwa a Ingila

Wanda yake son sanin yadda wani ƙaramin garin kasuwa a Ingila ya kafu kuma ya bunƙasa, ya kamata ya fara da taswira kafin ya buɗe kowane kundi, domin fasalin garin shi ne shaidar da ta fi daɗewa. Ka samo taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswirorin ƙasar Birtaniya) ta ƙarni na 19, ka nemi inda babban titi ya buɗe ya yi faɗi ko ya zama kusurwa uku, domin galibi nan ne kasuwar take ci. Sai ka dubi bayan gidajen da ke fuskantar titin. Idan ka ga filaye masu ƙaramin baki amma dogaye zuwa baya, jere da juna, to alama ce cewa wani mai ƙasa ne ya yanka su da gangan don 'yan kasuwa da masu sana'a su zauna su riƙa biyansa haya. Haka aka yi a Stratford-upon-Avon, inda bishop na Worcester ya sami izinin kasuwar mako-mako daga Sarki Richard na ɗaya a 1196, kuma har yau titunan tsakiyar garin suna bin wancan tsari.

Bayan haka sai a koma ga takardu. Kundin Domesday na 1086, wato babban lissafin filaye da masu su da aka yi wa sarki, galibi zai nuna maka ko wurin yana nan a lokacin, da kuma wanda ya mallake shi. Takardun izinin kasuwa kuwa, waɗanda sarakuna suka bayar da yawa a ƙarni na 13, ana ajiye kwafinsu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke unguwar Kew a Landan. A nan ne masu bincike suka fi yin tuntuɓe: shekarar da ke kan takardar ba lallai ba ne ta zama shekarar da ciniki ya fara, domin sau da yawa sarki yana halasta kasuwar da ta daɗe tana ci ne. Akwai kuma ƙauyukan da suka sami izini amma kasuwarsu ta mutu, musamman bayan annobar 1348 da 1349.

Game da yawan jama'a, rajistar coci ta baftisma da aure da jana'iza ta fara ne daga 1538, ko da yake ba kowane gari ne nasa suka tsira tun daga farko ba, kuma ofishin ajiyar tarihi na gundumar ne ke riƙe da mafi yawansu. Ƙidayar 1841 ita ce ta farko da ta rubuta sunayen mutane da sana'o'insu gida-gida.

Kada ka manta da hanyoyi. Tsofaffin masaukai masu faffaɗar ƙofa ta shigar keken doki suna nuna zamanin da garin ya ci moriyar matafiya a ƙarni na 18. Ka kuma duba inda aka kafa tashar jirgin ƙasa, domin idan ta yi nisa da filin kasuwa, za ka tarar sababbin unguwanni da masana'antu sun karkata zuwa wajenta.