Darasi na 7: Yadda uwargida za ta raba aikin sati a lokacin hunturu

Toh 'yan'uwa mata, yau darasinmu a kan hunturu ne. Tun ƙarshen Nuwamba iska take juyawa ta fara busowa daga arewa maso gabas, wato daga hamadar Sahara, ta kwaso mana ƙura da hazo, sanyi ya yi ta ƙaruwa a Disamba da Janairu, sai wajen ƙarshen Fabrairu yake fara sassautawa. A watannin nan aikin gida ƙaruwa yake yi, ga gari ba ya wayewa da wuri ga magariba na saurin yi, ki share tsakar gida da safe kafin azahar ƙura ta sake rufe shi. Wadda ta bar aiki ya taru ita za ki gani da sassafe tana wanki da ruwan randa, hannu duk ya farfashe, ga mura ga ciwon ƙirji. Shi yasa muke so kowacce ta raba aikinta a kan kwana 7, kuma duk aikin da sai an taɓa ruwa a bar shi sai rana ta ɗaga.

Na kullum

Da safe abu mai zafi za a fara sa wa a ciki, koko ne ko kunun gyaɗa ko shayi da citta da kanumfari, ko ɗumamen tuwon jiya. Gasarar kokon tun dare ake tanadinta dan kar ki tashi kina neman abu a duhu. Kafin shara ki yayyafa ruwa a ƙasa, in ba haka ba ƙurar da kika tayar ke da yara za ku shaƙe ta. Randa da tulu da kwanukan abinci kullum a rufe.

Da hantsi ki cika bokiti biyu ko uku, baƙi ya fi ɗaukar zafi, ki rufe ki ajiye inda rana take bugawa. Zuwa azahar sanyin ruwan ya karye, in ma sai kin sirka da na zafi kaɗan za ki ƙara, kinga an rage cin gawayi. Da shi za a yi wa ƙananan yara wanka a inda iska ba ta kaɗawa, kuma a shafa musu mai tun jikin da sauran danshi, man kaɗanya ko basilin ko alayyadi, har leɓe da dunduniya. In kika bari jiki ya bushe tukunna kafin ki shafa, anjima kaɗan za ki ga yaro ya koma fari fat.

Asabar da Lahadi

Asabar ranar babban wanki ce tunda babu boko, yara manya su taya ɗiban ruwa da shanya. A fara bayan ƙarfe 10. Daɗin hunturu kaya na saurin bushewa, amma dan Allah da sun bushe a kwashe, kar a bar su a igiya har yamma su sha ƙura aikin ya koma baya. Rigunan sanyi kuwa kar ki haɗa su duka rana ɗaya ki wanke, yaro ya rasa ta sawa da daddare, ki wanke rabi yau rabi Laraba.

Lahadi a fito da bargo da katifa da filo da tabarmi a baza a rana, a kakkaɓe su kafin a mayar, musamman shimfiɗar yaron da yake fitsarin kwance dan a sanyi abin ya fi yawa. Da yamma kitso da gyaran ƙafa. Mai faso ta jiƙa ƙafarta a ruwan ɗumi, ta goge kaushin da dutse a hankali, ta shafa mai sosai ta sa safa ta kwanta. Banda reza. Mai ciwon suga in ta ga tsaga ko gyambo a ƙafa asibiti za ta je, kar ta tsaya maganin gida.

Litinin zuwa Juma'a

Litinin goge-goge, da tsumma mai danshi, taga da saman durowa da fanka. Talata ta kicin ce da ɗakin ajiya, a duba buhun gero da masara da wake ko ƙwari sun shiga, a tabbatar buhu yana kan katako bai taɓa ƙasa ba. Laraba ƙaramin wanki da ɗinkin abin da ya yage.

Alhamis ki zauna da maigida ku yi lissafin cefane, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Hunturu lokacin kayan lambu ne, daga Janairu tumatir da tattasai da attaruhu da albasa na 'yan noman rani suke cika kasuwa, irin na Kadawa da Kura a Kano, kuɗinsu ya sauko, ga karas da kabeji da latas da lemo. Wannan iskar da muke kuka da ita ita ce mai busar da kaya da kyau. In hali ya yi ki sayi kwando, ko ku haɗa kuɗi ke da maƙwabciyarki ku raba, ki yanka tumatirin falle-falle ki shanya a kan tabarma mai tsafta ko buhu a saman wani abu inda kaji da awaki ba sa kaiwa, ki lulluɓe da gidan sauro tsoho ko yadi shara-shara saboda ƙura da ƙuda, da yamma ki shigar ɗaki. Sai ya bushe ƙarau yana karyewa sannan ki zuba a mazubi mai murfi. Da damina lokacin da tumatir zai yi tsada za ki gode wa Allah da kika yi kauɗar nan. Ranar cefanen kuma kowacce ta bi ranar kasuwar garinsu, mutanen Wudil tasu Juma'a take ci, na Dambatta Lahadi, sai ki matsar da tsarin ya dace da ke.

Juma'a a huta. Girki kawai da ziyara, a leƙa tsofaffi a ga ko suna da bargo.

Wuta da daddare

Wannan kam babu ranar hutu a cikinsa. Gobara ta fi yawa a hunturu saboda komai a bushe yake ga iska. Kafin ki kwanta ki zagaya da kanki, murhu ki kashe da ruwa ba wai ki rufe da toka ba, tukunyar gas ki rufe ta daga kanta, hita ki zare daga soket ko da babu wuta, dan sau da yawa ana mantawa da ita a bokiti ne sai a kawo wuta cikin dare mutane na barci.

Sai kaskon jin ɗumi. Wallahi 'yan'uwa kar ku kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba a kuma ganinta, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba zai ma ji ba sai dai a wayi gari a ɓalla ƙofa. In za a ɗumama ɗakin mai jego a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci. Janareta ma haka, a waje can nesa da taga. In yaro ya ƙone a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, banda ƙanƙara, banda man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja, sannan a kai shi asibiti.

Tarin yara

Mura da majina dai kusan kowane gida ne, a ba yaro ruwa da abu mai ɗumi, mai shan nono a ci gaba da ba shi, zuma kuma sai wanda ya wuce shekara 1. Amma ki koyi ƙirga numfashi, ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru ki duba agogon waya minti 1. Jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi shan nono, to alamar nimoniya ce, a tafi asibiti a ranar kar a ce sai gobe.

Aikin gida

1. Ki kwafi waɗannan a littafinki sau uku: hunturu, ƙura, bargo, gawayi, gobara.
2. Ki rubuta ranakun sati daga Asabar zuwa Juma'a, gaban kowacce ki sa aiki ɗaya babba da ya dace da gidanki.
3. Gida yana cin ƙullin gawayi 3 a rana. Da aka fara ɗumama ruwa a rana ya koma 2. Ƙulli nawa aka rage a sati 1? A sati 4 fa?
4. Ki ƙirga numfashin yaronki yau da daddare, ki rubuta shekarunsa da adadin da kika samu, ki zo mana da shi aji na gaba.