Sifikar Waya Ta Ɗauke Ko Tana Gurgura? Ga Abin da Za Ka Bi Kafin Ka Canja Ta

Wayoyi da yawa da ake kaiwa shagon gyara da sunan sifika ta mutu, in aka bincika sai a tarar sifikar lafiyarta ƙalau. Ko dai ƙura ce ta toshe mata raga, ko saiti ne ya gauraye, ko kuma ƙafarta ce ta daina taɓa bod, wato allon da kayan cikin waya ke zaune a kai. Shi ya sa mai gyaran kirki ba ya fara aiki da cire sifika. Daga abin da ba ya cin ko sisi ake farawa, sannan a gangara zuwa buɗe waya.

Da farko ka san wacce ce ke da matsalar, domin sifika biyu ce a waya. Akwai ta sama, wadda kake karawa a kunne lokacin kira. Akwai kuma ta ƙasa, wadda masu gyara ke ce wa ringa, ita ke fitar da ƙarar kira da karatu da bidiyo. Kira wani ka saurara a kunne, sannan ka sa a sifika. Wadda ta yi shiru a cikinsu ita ce abin bincike. In kuwa kai kana ji, shi ne ba ya jin ka, wannan aikin mawutfis ne, ba ruwan sifika. A yawancin wayoyin Samsung, in ka danna *#0*# a wurin buga lamba, shafin gwaji zai buɗe ka gwada kowacce ita kaɗai.

Saiti

Ƙarar waya kashi-kashi ce: ta kira daban, ta bidiyo daban, ta ƙararrawa daban. Danna maɓallin ƙara, ka buɗe sauran layukan ka ga ko ɗaya na ƙasa. Kashe Bluetooth gaba ɗaya, don sau da yawa wayar na haɗe da emfi a ɗaki ko abin kunne a aljihu, sautin can yake tafiya. Duba saman sikirin kuma: in alamar iyafis na nan alhali ba ka sa komai ba, datti ko danshi ne a ramin ya sa wayar ta ɗauka an jona. Sa iyafis ka cire kamar sau biyar, in bai tafi ba ka goge ramin da 'yar auduga a kan tsinken sakace, wayar a kashe. In matsalar ta fara ne bayan ka sauke wata manhaja, kunna wayar a Safe Mode, wato yanayin da take tashi ba tare da manhajojin da ka sauke ba. Sauti ya dawo a nan? To manhajar ce, goge ta. Kada ka yarda a yi maka filashin, wato sake zuba wa wayar babbar manhajarta, tun a wannan mataki, hotunanka da lambobinka za su tafi, kuma da wuya ya zama shi ne maganin.

Ƙura da garin ƙarfe

Sautin da ya yi ƙasa a hankali, wata bayan wata, kusan kullum toshewar raga ce. Ƙurar hunturu na haɗuwa da gumi da maiƙon fuska ta daskare a ragar sama, ta ƙasa kuma ta cika da zaren aljihu. Ga masu walda da maƙera da kanikawa abin ya fi muni, saboda a cikin kowace sifika akwai maganaɗisu mai ƙarfi da ke jawo garin ƙarfe. Garin ya ratsa raga ya kwanta a kan fatar da ke motsi tana fitar da sauti, sai ka ji murya na gurgura kamar ana magana cikin gwangwani.

Kashe wayar. Samo buroshin haƙori mai laushi, busasshe. Juya ramukan su kalli ƙasa don dattin ya zubo waje, ka riƙa sharewa a hankali daga gefe zuwa gefe. In ya daskare, ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sipirit mai ƙarfin 99 cikin ɗari a kan buroshin, ba cikin ramin ba, ka sake gogewa, ka bar shi minti goma ya bushe. Kada ka kusanto da fetur ko tina, suna cin roba da gam.

Allura ita ce ta fi kashe sifika a hannun masu waya. Bayan ragar akwai wani siririn ƙyalle mai tare ƙura da ruwa, bayansa kuma fatar sifikar ce, wadda ba ta kai kaurin takarda ba. Huda ɗaya ta isa. Haka iskar injin mai faci: ƙarfinta na yaga fatar, ko ta tura dattin can ciki.

In ruwa ne

Ko a wurin alwala ta faɗa ko ruwan sama ya doke ta, kashe ta nan take kuma kada ka sa caji. Cire tiren sim, ka bubbuga ta a tafin hannu ramukan na kallon ƙasa, sannan ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko gaban fanka, kwana ɗaya zuwa biyu. Binne ta a shinkafa ba ya tsotso ruwan da ke ciki, garin shinkafar ma ƙara toshe raga yake. Shanya ta a rana ko kusa da murhu kuwa batir yake lalatawa. Sautin nan mai kauri na wajen 165 Hz da ake kunnawa don fitar da ruwa yana aiki ne in ɗigo ne kawai ya maƙale a bakin ragar. In cikin miya ko shayi ko lemo ta faɗa, jira ba zai yi ba. Gishiri da sukari na cin ƙarfe ko bayan sun bushe, dole a buɗe a wanke da sipirit a ranar.

Buɗe waya da awo

Wannan sashen na mai kayan aiki ne: ƙananan sukudireba, hantsaki, filastik na ɓamɓarewa, hita, da mitar awon wuta. In wayar na da garanti, kai ta ofishin kamfanin, don buɗewa na soke shi.

Murfin da aka manne da gam a ɗumama shi a zafin digiri 70 zuwa 80 kafin a ɗaga, a kuma kula da fileks ɗin ɗan yatsa, wato siririn faifan wayoyin da ke haɗa na'urar zanen yatsa da bod, in a baya yake. Jera sukurori yadda ka cire su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere na iya huda bod ko sikirin. Cire soket ɗin batir kafin ka taɓa komai.

Sa mita a ohm 200, ka ɗora bakunanta a ƙafafun sifikar biyu. Ringa mai lafiya kan nuna tsakanin 6 da 8. Sifikar kunne ta gama-gari kan nuna kusan 32, amma a wayoyin da sama da ƙasa ke fitar da kiɗa tare, ta saman ma tana iya nuna ƙasa da haka sosai. In mita ta tsaya a 1 ko OL, koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke cikin sifika, ya tsinke, sai canji. In ta nuna kusan sifili, koyil ya ƙone ya haɗe. Wanda ba shi da mita zai iya ɗan taɓa ƙafafun da batirin 1.5V ta siraran wayoyi biyu: mai rai za ta yi ƙas-ƙas. Taɓawa kawai, ba riƙewa ba.

Awo ya yi daidai amma tana gurgura? Duba fatar a haske. In garin ƙarfe ne, ɗebe shi da selotef a hankali. In ta yage ko ta lotsa, gyara ba ya riƙe ta, a canja.

Awo daidai, kuma shiru gaba ɗaya? Nan ne ake yawan ɓarnar kuɗi, a sa sabuwa a ga ba abin da ya sauya. A yawancin Tecno da Infinix da itel da ƙananan Samsung, ringa ba a like take da dalma ba, wasu 'yan ƙafafu masu lanƙwasa ne ke danna dawunbod, wato ƙaramin bod na ƙasa mai ɗauke da wurin caji. Faɗuwa na kwantar da su, danshi kuma ya sa su yi kore. Goge wurin da sipirit, ka ɗan ɗaga ƙafafun da hantsaki kaɗan. Daga nan sai babban fileks da ya haɗa dawunbod da babban bod: cire shi ka mayar a duka bakunan biyu har ka ji ya zauna. In caji ko mawutfis ma na wasa, zargi fileks ɗin ya ƙaru. In kuma sautin ya ɗauke ne daga ranar da aka canja wurin caji, to dawunbod ɗin da aka sa ne bai dace ba, ko na bogi ne.

Sai an wuce duk wannan ake maganar aisin sauti, wato ɗan guntun da ke kan bod mai tura wa sifika sauti. Jona sifikar da ka tabbatar tana aiki, ka gwada ƙananan koyil da ke kan layuka biyun da ke kai wa sifika sauti ko ɗaya ya yanke. Kada ka haɗa ko ɗaya cikin layukan da giraun, wato layin negatif na bod, dukansu biyun wuta suke ɗauka, haɗawar na iya ƙona aisin. Ɗaga aisi aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa da hita da madubin ƙara girma. Wanda bai saba ba, zafin da zai zuba na iya taɓa abin da ke maƙwabtaka, wayar da sauti kawai ta rasa ta koma ba ta kawo wuta.

Sa sabuwa

Sayi da lambar model, ba da sunan waya kaɗai ba. Ta Samsung na farawa da SM, ta Infinix da X, kuma tana cikin saiti a bayanin waya. In ka samu wadda aka ciro daga wayar asali da sikirinta ya fashe, sau da yawa ta fi sabuwa mai arha ƙara da daɗewa. Ka tabbata 'yar katifar da ke zagaye bakin sifikar ta koma mazauninta, domin in iska na zurarewa ta gefe, sauti zai fito siriri ko da sifikar mai kyau ce. Gwada kira da bidiyo kafin ka rufe. Sannan ka ja siririn layin gam B-7000 a gefen murfi, nesa da raga da ramin mawutfis, ka ɗaure da roba na 'yan awanni.

In akwai manhajar ƙara sauti fiye da ƙa'ida a wayar, goge ta kafin ka miƙa wa mai ita. Irin waɗannan manhajojin na tura wa koyil abin da ya fi ƙarfinsa har ya yi zafi, kuma yadda ta cinye tsohuwar haka za ta cinye wadda ka sa yanzu.