Yadda za ka fara da taminal a Ubuntu in ka baro Windows

Da farko kunna na'urarka ka danna Ctrl da Alt da T tare, wani baƙin allo zai buɗe, kar ka ji tsoro shi ne taminal ɗin. Rubuta pwd ka buga Entrée, zai gaya ma dosiyen da kake ciki. Sai ls, ya jero ma abin da ke cikin dosiyen.

Shiga dosiye kuma cd ne. Nan ƴan Damagaram ke shan wuya don yawancinmu da faransanci muke sa Ubuntu, to sunan dosiyen da abin da ka sauke daga intanet ke shiga Téléchargements ne, ga tsawo ga ƙaho bisa e har biyu, kuma Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, in ka rubuta t ƙarami zai ce babu. Dabara ita ce ka rubuta cd T ka danna Tab, shi da kansa zai ƙarasa. Komawa baya cd .. ne.

Sa manhaja fa, fara da sudo apt update, sannan sudo apt install da sunan manhajar, misali sudo apt install vlc in mai kunna bidiyo kake so. Zai nemi kalmar sirrinka, kana bugawa wataƙila ba abin da zai fito ko tauraro ɗaya, ba lalacewa ya yi ba, buga kawai ka wuce. Amma duba forfenka tukun, kuma batir ya cika don kar wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

rm kam a yi hattara, abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara.