Yadda zaka lissafa ribar gem ɗinka kafin ka ɗora a Xbox ko PlayStation

Ɗan uwa fara da lissafi tukuna. Shagon PlayStation da na Xbox suna cire kashi 30 cikin ɗari, wato in ka sa gem dala 10 to dala 7 ce taka, a ciki zaka biya mai zane da talla da haraji, in kuma wasan wasu ka juya kamar Catan ko Uno (wasannin da ake bugawa a kan tebur) sai ka biya lasisi. Uno ya haura kwafi miliyan ɗaya a Xbox 360 a 2007, amma ai sunansa ne ya sayar dashi. Ni dai shawarata ka ɗauko dara tamu ta gida, ba mai karɓar ko sisi na lasisi a hannunka. In a dala 10 zaka sayar, sai ka raba abinda ka kashe gida 7, yawan kwafin da zai maido maka uwar kuɗi kenan.