Yadda na shawo kan matsalar girman rubutu a kwamfutar mahaifina

Tun da ganin mahaifina ya fara raguwa, karatu a kwamfuta ya zame masa wahala, har sai ya kusantar da fuskarsa dab da allon yana ƙanƙance ido. Ranar Asabar ya kira ni cikin damuwa, domin ya taɓa wani abu, komai ya kumbura, kalma uku kawai suka cika allon.

Da na duba, sai na gane cewa ya kunna Magnifier, manhajar ƙara girma da ke cikin Windows, wadda ke buɗewa idan aka danna maɓallin Windows tare da alamar tarawa. Na danna Windows da Esc, nan take allon ya koma yadda yake.

Amma ban so ya rabu da manhajar ba, tunda ita ce maganin matsalarsa. Abin da ya ruɗa shi shi ne kowane dannawa yana ƙara kashi 100, wanda ya yi yawa ƙwarai. Na buɗe saitunanta da Windows, Ctrl da M, na mayar da ƙarin zuwa kashi 25. Sannan na nuna masa Ctrl, Alt da L, wanda ke fito da ɗan tabarau mai bin linzami, sauran allon kuwa bai canza ba. Wannan ya fi kwanta masa a rai.

Na rubuta maɓallan da manyan baƙaƙe a takarda, na manna kusa da allon, na ce, "Baba, idan ya sake kumbura, Windows da alamar ragewa za ku danna."